Tagar Baba Kurdin

"Da bakinki kika ce masa to?"

"Da bakina, Yaya."

Laouali ya jefa tsumman goge mota cikin bokiti, ya dubi ƙanwarsa. "Sahadatou, ke fa Musulma ce. Yaushe rai ya taɓa jiran a buɗe masa taga?"

"Na sani. Amma tsoho ne, ya riƙe hannuna yana kuka. Me zan ce masa?"

Ba ta ɗauke ido daga gidan maƙwabta ba. A Unguwar Ofisoshin Jakadanci ta birnin Riyadh suke aiki su biyun, shi direba, ita mai aikin gida, kuma gajeriyar katanga ce kawai ta raba su da gidan Madam Seraina, 'yar ƙasar Suwizalan da ke aiki a wani ofishi. Mahaifinta, Baba Kurdin, shi ne ya rasu ranar Laraba.

A bakin katangar nan ita da tsohon suka saba. Idan Sahadatou ta fito shanya da la'asar, sai ta tarar an ajiye shi a inuwa, idanunsa sun yi fari fat, ya juya kunne wajenta. Da Faransancin da ta koya a makarantar Zinder suke hira.

"Maƙwabciya, yau ma tufafin mutane kike azabtarwa?"

"Kai ma ai takardu ka azabtar, Baba."

Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Marubuci ne. Yana matashi ya fara da waƙoƙi, lokacin yana koyarwa a wani ƙauye tsakanin duwatsu, cikin wani ƙaramin yare da ya ce duk masu karanta shi ba za su cika kasuwar Aziziya ba. Daga baya aka gina madatsar ruwa, ƙauyen ya nutse, shi kuma ya koma rubuta dogayen labarai, yana sake gina garin gida-gida a kan takarda. An ba shi lambar yabo, an fassara shi, an manta da shi. Da idanun suka tafi, 'yarsa ta ɗauko shi zuwa Riyadh. Waƙa ba ta bar shi ba: ranar da zafi ya hana shi fita, yakan tsaya a tagar ɗakinsa yana ƙwanƙwasa gilashi da zobe, yana auna baitin da babu mai rubuta masa. Sahadatou kan tsaya da rigar wani a hannu, zuciyarta na bin ƙarar, ba ta san me ya sa hawaye ke zubo mata ba.

Ranar ƙarshe da ta kai masa kunun gyaɗa har ɗaki, ya ce, "A garinmu kowane ɗakin kwana yana da 'yar kafa a bango, da marfin katako. Ba a taɓa ta sai mutum ya cika. Sai a buɗe, ya samu hanyar fita. Seraina ta ce wannan zancen littattafaina ne." Ya lalubo hannunta. "Tagar nan an liƙe ta saboda ƙura, ko iska ba ta shiga. Maƙwabciya, kada ki bar ni a ciki."

Tana kasuwa da uwargijiyarta lokacin da ya cika. Kafin su dawo an tafi da gawar. Madam Seraina ta bi ta zuwa ƙasarsu, ta bar wa Sahadatou makulli don ta riƙa ba furanni ruwa.

"Shi ke nan, an tafi da shi," in ji Laouali. "Yanzu haka yana ƙarƙashin ƙasar ubansa."

"To zo ka gani."

Ya bi ta yana mita. Rana ta take, kwalta na ƙona tafin takalmi, amma suna buɗe ƙofar sanyi ya doke su kamar an buɗe firji. Laouali ya ɗaga kai ya dubi na'urar sanyaya ɗaki. A kashe take. Ya danna makunnin fitila, babu wuta, an kashe ta daga waje.

Ɗakin tsohon na nan yadda aka bar shi: gado a gyare, silifas a jere, littattafansa da yatsu suka koɗe gefensu. Wani ƙamshi na tashi, kamar ɗanyen itace da aka tsaga cikin ruwan sama. Gilashin taga ya yi gumi daga ciki, fari, har ba a ganin dabinon waje.

Tak. Tak-tak. Tak.

Laouali ya ja baya ya bugi ƙofa. "A'uzu billahi."

"Kullum da la'asar yake farawa," ta ce. "Yau ko azahar ba a yi ba. Ya gaji, Yaya."

Tak. Tak-tak.

Ta bi gefen tagar da yatsa. Babu mariƙi, babu sakata, sai roba mai tauri da aka liƙe gilashin da ita. Hanya ɗaya ce ta rage, kuma dukansu sun gan ta.

"Ki saurare ni, 'yar uwata," Laouali ya ce a hankali. "Akwai kyamara a kowane lungu na unguwar nan. Kika fasa gilashin gidan Bature, kafil, maigidan da ya ɗauko mu aiki, zai karɓe iƙamarki, takardar zamanki, ya sa ki a jirgi. Me za ki gaya wa Inna? Kin bar aikinki saboda mataccen da ko sallah bai yi?"

Sahadatou ta dubi tagar. Ta tuna rufin ɗakin Inna da ba a gama ba, ta tuna yadda ta sha wahala kafin ta samu aikin nan. Sannan ta ɗora tafinta a kan gilashin. Sanyin ya ratsa ta har kafaɗa, ƙwanƙwasar ta tsaya cak, kamar mutum ya riƙe numfashi yana jiran amsa.

Ta zare hannun, ta gyara mayafinta.

"Hisabinsa na Allah ne, alkawarin nawa ne. Ɗauko min ƙarfen kwance taya a mota, Yaya. Zan fasa ta."