Motar Yaya a Gandun Daji

Yayana bakanike ne, kuma duk garinmu babu motar da ta kai tasa lalacewa. Ba ta kik, sai an tura. Salansarta a fashe take, tana ruri kamar injin niƙa. A cikinta muka ɗauko Baba zuwa gandun daji, don likita ya ce jijiyar idonsa mutuwa take yi, ba da daɗewa ba zai daina gani. Da aka tambaye shi abin da yake so, cewa ya yi giwa, tun yana yaro yake jin labarinta bai taɓa sa ta a ido ba.

Tun a gida na ce a ari motar maƙwabcinmu. Yaya ya ce wai in daina raina masa sana'a, shi ya san halin abarsa.

Halin nata kuwa shi ne ba a kashe ta sai a kan gangara. Saboda haka ko tanti ba mu kafa inda mutane suke kafawa ba, kusa da famfo da inuwa. Can kan wani tudu mai tsakuwa muka kafa shi, inda turaku suka ƙi shiga ƙasa, Yaya ya danne igiyoyin da jak da safaya taya. Ni ce mai jido ruwa, birai kuma suka yi awon gaba da burodinmu.

Da safe aka haɗa mu da ma'aikacin gandu mai rakiya, muka shiga daji. Duk inda muka dosa, ƙararmu ta riga mu isa. Abin da muka gani bai wuce ƙura da bindin barewa ba. Baba yana gaba, ya manna fuska a taga, yana ta tambayata ko an ga wani abu. 

Rana ta yi sanyi muka isa wani tafki. Mai rakiya ya ce nan giwaye ke shan ruwa, amma in ba a kashe mota ba ko ɗaya ba za ta fito ba. Yaya ya ce wurin shimfiɗe yake, kuma an hana sauka, to wa zai tura? Na ce ya kashe, ya ce ba zai kashe ba. Na faɗa masa maganganun da ƙanwa ba ta faɗa wa wanta, har da cewa girman kansa ne zai sa Baba ya makance bai ga komai ba.

 Baba ya miƙa hannu, ya lalubo makullin, ya murɗe.

Shirun da ya biyo baya har kunnena ya yi ƙara. Mun jima a haka, gumi na bin bayana, kafin rassa su fara karyewa ta hannun dama. Giwa ta fito, ƙatuwa, tana kaɗa kunnuwa, ɗanta na biye da ita. Na taɓa kafaɗar Baba, na raɗa masa cewa ga ta nan.

"Na gan ta," in ji shi a hankali. "Kai, Allah mai halitta. Ashe haka take da girma."

Hagu yake kallo. Wani dogon suri ne a gefen hanya, jar ƙasa tsibi guda, shi ya zuba wa ido yana murmushi.

Na ɗaga hannu zan juyo da kansa, Yaya ya riƙe min wuyan hannu. Na fizge, na kama fuskar Baba na karkato ta dama, daidai inda giwar ke zuƙar ruwa. Ya ƙura ido, ya ƙifta, ya sake ƙurawa.

"Auta, nan ai ba komai," ya ce. "Mayar da ni inda take, kada ta tafi."