Motar Hedimasta Ta Ƙi Shan Mai

Shekara ashirin ina gyaran mota a garin Bolero, ban taɓa ganin wanda ya kawo mini mota haɗe da mai laifi da kuma hukuncinsa ba, sai Hedimasta Kaluwa. Ya daɗe da yin ritaya, amma har yau in ya dube ka sai ka ji kamar ka makara zuwa aji. Da hantsin wata Talata ya tsayar da farar a-kori-kurarsa a ƙofar garejina, ya fito da sanda, aljihun rigarsa jawur da tawada. Alƙalamin da makaranta ta ba shi ranar sallama ne ke yoyo. Murfinsa ya ɓace, shi kuwa ya ƙi ajiye shi a gida.

Wyson, direbansa na shekara goma sha bakwai, a baya ya zo, zaune kan buhun masara. An karɓe makulli daga hannunsa tun mako uku da suka wuce.

"Mhango," in ji Hedimasta, "ba tambayarka na zo yi ba. Na riga na gano komai. Shaida kawai nake so."

"To, Adada," na ce, wato Baba a yarenmu. "Me ka gano?"

"A gidan mai, ana sa bakin famfo sai ya yi ƙas ya tsaya, man ya dawo ya wanke mini takalmi. Me ke hana tanki karɓar mai? A cike yake. Da me? Da ruwa. Wa ya zuba? Wanda ya zuƙe man." Ya nuna bayansa da sanda ba tare da ya waiwaya ba. "Abu na biyu, a kan hanya sai ta riƙa shiɗewa tana mutuwa. Na uku, saurara."

Ya murɗe murfin tanki, tankin ya ja iska da ƙarfi, fuuu.

"Ka ji? Tankin ma ya saba da zuƙa. Har murfin alƙalamina a motar nan ya ɓace."

Ya zaro takardar kora, an rubuta ta da jar tawada, an ja layi biyu a ƙarƙashin sunan Wyson. Duk garin an san ɗakin da Wyson ke ciki da matarsa da 'ya'ya biyar a gonar Hedimasta yake. Ranar da aiki ya tafi, rufin kansu ma ya tafi.

Na kwance magudanar ƙasan tanki na tara kwalba. Mai ne zalla, ko ɗigon ruwa babu. Na ɗaga masa a rana.

"Ruwan ya ɓuya a sama," in ji shi.

"Adada, ai kai ka koya mana cewa ruwa ƙasa yake kwanciya."

"A littafi ke nan. Wannan mota ce."

Masu dako da matan da ke sayar da tumatur sun fara matsowa. Na shiga ƙarƙashin motar ina ta ƙunƙuni. Tankin ya ɗan lotsa ciki kamar gwangwanin da aka taka. Duk wanda ya yi wata guda a gareji ya san ma'anar haka: tanki ma numfashi yake yi. Akwai ɗan tiyon da iska ke fita ta cikinsa in ana zuba mai, ta shiga in injin yana sha. In ya toshe, mai ba zai shiga ba, kuma ba zai fita da daɗi ba. Na ɗauka zanzaro ne ya yi ɗaki a ciki, don sun saba. Na hura, ko motsi. Na zura waya, ta ci karo da abu mai tauri can ciki.

Wyson ya tsuguna kusa da ƙafata, ya yi ƙasa da murya. "Ranar jana'izar yayata maigida ne ya tuƙa da kansa. Ya kai dattawan coci gona."

Sai komai ya faɗo mini. Babu gada a rafin da ke hanyar gonar. Da damina kowane direba a nan yakan toshe tiyon da totuwar masara kafin ya shiga ruwa, ya cire in ya haye. Wyson ma tasa totuwar a ɗaure take da zare don kada ya manta.

"Ka gaya masa?"

"Na fara. Na ce, Adada, ko ranar da ka haye rafi... Ya ce ni zan koya masa mota?"

"Shi ke nan ka yi shiru? Da 'ya'ya biyar?"

"Dattijo ne. A gaban mutane zan ce masa ya yi mantuwa?"

Raina ya ɓaci, da shi da maigidansa duka. Na yanke tiyon, na tsaga shi da reza. Abin da ya faɗo hannuna jan murfin alƙalami ne, an naɗe shi da leda, an tura shi ciki da ƙarfin mutumin da bai taɓa yin aiki rabi da rabi ba.

Ni ba Wyson ba ne. Na fito, na kama hannun Hedimasta a gaban kowa, na sa masa abin a tafi. "Ga ɓarawonka, Adada."

Wata mai tumatur ta toshe baki da gefen zaninta. Hedimasta ya daɗe yana kallon murfin. Na ga lokacin da rafin ya dawo masa a rai, da dattawan da yake wa bayanin yadda gwanaye ke haye ruwa. Ya goge murfin da hankici, ya rufe alƙalamin, ya yi gyaran murya.

"Wyson. Shekara goma sha bakwai kana tuƙa motar nan, ba ka san ana duba tiyo bayan an haye rafi ba? Wannan karon na yafe maka."

Wyson ya rusuna, ya karɓi makulli da hannu biyu. "Na gode, Adada."

Saura kaɗan in jefi wani da sifana. Na sa sabon tiyo, na bi su gidan mai don in gani da idona. Man ya shige sumul har tanki ya cika, babu ƙas, babu amai. Wyson ya buɗe wa maigidansa ƙofa. Hedimasta bai shiga nan da nan ba. Ya tsaya yana lalube a ƙirjinsa, ya ciro alƙalamin da ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba, ya soka shi a aljihun Wyson.

"Riƙe," ya ce, yana kallon wani wuri. "Kai ba ka mantuwa."

Abin da ban gaya musu ba shi ne wayar da na zura a tiyon ta huda murfin. Kafin su bar gidan man, tawada ta fara fitowa a aljihun Wyson, a kan rigarsa guda ɗaya ta kirki. Matarsa ta ce za ta wanke da lemon tsami, ya hana. Da rigar yake zuwa coci har yau.