Kibiya Talatin da Ɗaya

Sau uku likita yana sa wa Umma ranar aikin gwiwa, sau uku tana ɗagawa. A na huɗu ya cire tabarau ya gaya mata gaskiya: in ta wuce wata mai zuwa, sai keken guragu. Umma ta ce ta ji. Muna fitowa ta dube ni ta ce, "Shi da yake zaune cikin sanyi, ya san wa zai riƙe min gidan wanki?"

Gidan wankin Umma ma'aikata sha tara ne, injin wanki huɗu, mota biyu. Otal shida muke wanke wa zannuwan gado da tawul. Ba abin da yake rubuce, komai yana cikin kanta.

Ni kuwa abin da na karanta ke nan: zana fasalin kamfani, yadda aiki da mutane da bayanai da na'urori suke haɗuwa. A gida Injiniyar Akwati suke kirana, wai ban da akwatuna da kibiyoyi ba abin da na iya. Sunan yana ƙona min rai, amma tsoron ganin Umma a keke ya fi shi. Na ce ta ba ni mako uku.

Na tambayi kowa aikinsa, na zana taswira a kwamfuta, tsaf da ita kamar a littafi. Goggo, shugabar masu guga, ta ƙura mata ido ta ce, "Wannan gidan wankin waye? Ya yi kyau. Ki nema mana aiki a can." Aka kwashe da dariya. Na ji kunya, don ta fi ni gaskiya: kowa ya faɗa min abin da ya kamata ya yi ne, ba abin da yake yi ba.

Washegari na ɗauki zanen gado guda ɗaya na bi shi, tun daga motar Dogo direba har ya koma otal a ninke. Nan na ga abin mamaki. A kusurwar kowane zane akwai ɗinkin zare mai launi da ke nuna otal ɗin da ya fito, amma otal biyu duk ja ne, bambancin a yawan ƙulli yake, kuma Umma kaɗai ta san wannan. Dogo ba ya tada mota sai ya tambaye ta ina zai fara. Inji ya yi tari, ita. Sabulu ya kusa ƙarewa, ita ce take ganewa da ɗaga jarka.

Na manna manyan kwalaye a bangon ɗakin guga, na sake zane da hannu. Da na ƙirga kibiyoyin da suka nufi akwatin da na rubuta wa Umma, talatin da ɗaya ne.

Umma ta daɗe tsaye a gaban bangon, ta dafa teburin guga. "Duk ni ce nan?"

"Duk ke ce, Umma."

"To, shi ya sa ƙafar ta ƙi."

Daga nan muka shiga cire su ɗaya bayan ɗaya. Launukan zare suka koma allo a bakin ƙofa. Dogo ya samu jadawali a wayarsa. Aka ja layi a jikin jarkar sabulu, in ya kai nan Goggo ta yi oda. Kowane inji aka liƙa masa takarda: in ya yi kaza a duba kaza, in ya ƙi a kira mai gyara. Wasu kibiyoyin da ƙyar Umma ta sake su, sai da muka yi faɗa sosai a kan guda biyu. Ranar da muka goge ta ƙarshe, Goggo da kanta ta karɓi alƙalamin ta ce, "Kawo, Injiniya, ni zan yi." Ba ta ƙara da akwati ba, kuma na lura.

Aka yi wa Umma aikin gwiwar ranar Litinin. Ranar Alhamis Umma ta taka daga gado zuwa taga da ƙafarta, tana riƙe da sanda tana yi wa ma'aikaciyar jinya faɗa wai tana jan ta kamar jaririya. Da ta koma ta zauna sai ta kasa haƙuri.

"Injin nan na biyu fa? Na san halinsa."

"Ya tsaya shekaranjiya. An gyara kafin azahar."

"Wa ya ce a kira mai gyara?"

"Ba wanda ya ce. Yana rubuce."

"Kayan otal sun fita?"

"Duka shida, a kan lokaci."

Ta kalle ni, kamar tana neman abin da za ta kushe ta rasa. Ni dai daɗi ya cika ni har na kasa ɓoye murmushi. Can ta gyara matashi ta juya wa ƙofa baya.

"Ja min labule," ta ce. "Shekara ashirin rabona da barcin rana."