Kofi na Bakwai

Ranar Talata aka ƙi karɓar buhu goma sha huɗu na gahawar Eliécer Cuéllar, amfanin gonarsa na shekara guda. Ƙanwarsa Nohora ce ta sa hannu a takardar.

Shekara tara Nohora tana aikin ɗanɗano a ƙungiyar manoman gahawa ta garin Pitalito, a ƙasar Kolombiya. Ƙa'idar ɗakin ɗaya ce: lamba ake sa wa kofi, ba suna ba. A zuƙa da cokali, a tofar, a rubuta maki.

A kofi na bakwai ta tsaya. Ɗaci ne mai kama maƙogwaro, da ƙaurin hayaƙin icen gwaiba. Ta san shi. In ruwa ya ƙi ɗaukewa, marigayiya mahaifiyarsu kan shanya gahawa a saman murhu. Gida ɗaya ya rage a ƙauyensu na kan dutse da ake yin haka, gidan da Eliécer ya riƙe bayan rabon gado. Shekara shida shi da Nohora ba su gaisa ba.

Arcesio mai kula da sito ya leƙo.

"Doña Nohora, wannan fuska fa? Kamar kin haɗiye kwaɗo."

"Hayaƙi ne. Maki biyu ya rasa."

"Ƙara masa maki biyu mana ya tsallake. Masu shan nan ai sukari suke antayawa."

"In aka dawo da kaya, ni za a kira, ba kai ba."

Ta sake zuƙa. Wannan karon ba ta tofar ba. Ta rubuta saba'in da takwas. Tamanin ake nema.

Da yamma Eliécer ya shigo, hula a hannu, takalman roba duk laka.

"Ke ce?"

"Kofin ne, Yaya."

"Sati uku ana tafka ruwa. A kaina zan shanya?"

"Na sani."

"Da irin gahawar nan Mama ta kai ki makarantar da kika koyo tofar da ita."

Nohora ta ci gaba da wanke cokali. Ya fita bai ɗauki buhu ko ɗaya ba.

Ƙa'ida ta ba manomi kwana uku ya nemi a sake ɗanɗanawa, kuma Nohora kaɗai ce mai aikin ɗanɗano a ƙungiyar. Yau Alhamis. Buhunan suna sito. Arcesio ya ce Eliécer ya karɓi takardar neman, bai dawo da ita ba tukuna.