Ramin Ƙarshe na Kurege Mai Lema

Kuregen ya ruga, ya taka dutse na farko, ya taka na biyu, ya buɗe 'yar lemarsa ya daka tsalle. Saura ƙiris farcensa ya kama bakin dutsen ƙarshe, sai ya zarce cikin rami. Na'urar ta yi ɗan kukan nan nata, allon talabijin ya yi baƙi.

"Madalla," in ji Mai Zane, ya ajiye madannin ya kurɓi shayinsa.

Da haka yake buɗe shagonsa kullum. Shago ne na gyaran tsofaffin na'urorin wasa, irin waɗanda ake cusa wa kaset a hura masa iska in ya ƙi tashi. Wasu da addu'ar neman ciniki suke fara aiki, shi kuwa sai ya ga kuregen nan ya faɗa rami sannan hankalinsa yake kwanciya.

Shi ya ƙirƙiri Kurege Mai Lema tun yana saurayi, a littattafan zane da yara ke rububi. Dogo, abokinsa tun na ƙuruciya, shi ya iya kwamfuta, shi ya ce su mai da kuregen wasan tsalle-tsalle. Mai Zane ya zana kowane dutse da kowane maciji, ya tsara matakan wasan gida-gida, har da yadda kuregen ke buga ƙafa in an bar shi tsaye. Ranar da za a kai aikin masana'anta aka kawo kwalin da za a sayar da wasan a ciki. Sunan Dogo ne a kai, ɓaro-ɓaro, shi kaɗai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Mai Zane ya jira kowa ya fita cin abinci, ya zauna gaban kwamfutar, ya matsar da dutsen ƙarshe gaba gida ɗaya tak, yadda tsalle ba zai kai ba. An riga an gama gwaji, ba wanda ya sake dubawa.

Kaset kuwa in an buga an buga, ba ya gyaruwa a hannun mai saye. Yara suka yi ta faɗawa ramin har iyaye suka fusata, shaguna suka dawo da kaya, kamfanin Dogo ya durƙushe. Bayan ramin nan ne ake nuna sunayen waɗanda suka yi wasan, kuma shekara talatin da ɗoriya ba mahalukin da ya kai wurin. Abin da Mai Zane yake so ke nan: tunda an shafe nasa sunan, kada kowa ya ga na Dogo a wurin tafi.

Yana cikin ɗauraye kofi wata inuwa ta tare ƙofa. Tsoho ne da sanda, hannunsa na hagu yana rawa. Dogo ne, tsawon ne kawai bai canza ba.

"Mai Zane, ba za ka ce in zauna ba?"

"Kujerar ta masu kawo gyara ce."

"Gyaran na kawo." Dogo ya zauna da ƙyar, ya zaro kaset daga aljihu ya ɗora a tebur. "Wasu matasa ne ke son sake fitar da shi. Sun ce ramin ba zai ɗauke su wuni guda ba, na hana. Na ce wanda ya haƙa shi ne zai cike. In ka ƙi, an fasa."

Mai Zane ya ji wani daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa. Ashe ya sani! Duk shekarun nan abin da ya rage masa zaƙin ramuwar ke nan, tsoron kada Dogo ya ɗauka kuskure ne.

"To an fasa," ya ce. "Rama cuta ga macuci ibada ne. Yadda ka ci gumina, haka za ka mutu ba wanda ya tafa maka."

"Masu kuɗin ne suka ce suna ɗaya za a sa a kwali. Na zo in yi maka bayani, ka watsa mini shayi."

"Ai na yi nadama. Shayin ya huce a lokacin."

Dogo ya yi 'yar dariya wadda ta ƙare da tari. Ya dafa sanda ya miƙe. A bakin ƙofa ya waiwayo. "Kai kanka ka taɓa ganin ƙarshen wasan nan?"

"Me zan gani? Sunan ɓarawo?"

Dogo ya tafi, ya bar kaset ɗin.

Da rana matar Mai Zane ta kawo masa abinci, ta same shi yana ta fara'a shi kaɗai, har da ƙwafa. Ya ba ta labari, ya ƙara gishiri, ya kwaikwayi rawar hannun Dogo.

"Kai, Malam, ka ji tsoron Allah," ta ce. "Mutum da ƙafa ɗaya a kabari kake wa haka? An ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere."

"Gida ɗaya kawai na ƙara. Akwai gajeren da ya fi wannan?"

Ta ajiye kwanon ta zauna ta zuba masa ido. Shi kuwa tambayar Dogo ce ta tsaya masa a rai. Bai taɓa ganin allon ƙarshen ba, domin Dogo ne ya haɗa shi shi kaɗai. Sai ya ga ai gara ya gani sau ɗaya, ya tofa wa sunan yawu, ya mayar da ramin yadda yake. Ya juye abin da ke cikin kaset ɗin a kwamfutarsa, ya nemo dutsen. Bai sha wahala ba, ko a barci aka tashe shi ya san inda yake. Ya dawo da shi gida ɗaya.

Ya ratsa dajin, ya wuce macizai, ya tsallake injin niƙa, yatsunsa sun san hanya. Kuregen ya taka dutse na farko, ya taka na biyu, ya buɗe lema. Wannan karon ya dira daram.

Wani kiɗa ya tashi wanda Mai Zane bai taɓa ji ba. Kuregen ya naɗe lemarsa, ya juyo ya rusuna. Rubutu ya fara haurowa daga ƙasa, manyan haruffa masu ruwan zinariya. Sunansa ne, cikakke, har da na mahaifinsa, a ƙarƙashi an rubuta: wanda ya haifi Kurege Mai Lema. Ya tsaya a tsakiyar allon ya daɗe. Can daga baya na Dogo ya bi, ƙanana, a gefe.



Mai Zane ya matso da fuskarsa jikin allon yana neman aibu. Ko an karkata harafi, ko an rage girma, ko wani abu da mutum zai riƙe. Bai samu ba. Yara dubbai da suka sayi wasan nan, da kowane ɗayansu ya karanta sunan, kuma ya san hannun da ya hana su.

"Munafuki," ya ce a hankali.

"Ai gidansa ba nisa," in ji matar. "In za ka kai masa wasan, ka kai tun yana gane mutane."

Wasan ya koma farko da kansa. Mai Zane ya sake bin hanyar har bakin ramin, sannan ya saki madannin. A kwamfuta dutsen yana nan a zaɓe, dannawa ɗaya ce za ta mayar da shi inda ya shekara talatin. Abincin ya huce a kwano. A kan allo kuregen yana tsaye a bakin rami, ya riƙe ƙugu, yana buga ƙafa yana kallonsa.