Faifai Na Biyu

Ranar da na zube faya-fayan ajiya huɗu a kan teburin falo, Baba ya sauke tabarau bisa hanci ya ce, "Injiniya, waɗannan ƙarafan fa?"

"Had dis ne, Baba."

"Hadisi? Shekara talatin ina koyar da Larabci, ban taɓa ganin hadisi mai kusoshi ba."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Injiniya sunan tsokana ne da ya laƙaba min tun da na fara gyaran kwamfuta. Faya-fayan kuwa tsince-tsince ne, biyu daga matattun kwamfutocin gidanmu, ɗaya na Yaya da ya shekara biyar a durowa, ɗaya ogana na shago ya ce in ɗauke in rage masa shirgi. Burina in haɗe su su zama rumbu guda cikin wata kwamfuta da za ta zauna a kunne a lungun falo, kowa ya ɗebo abin da yake so ta wayarsa.

Abin da Baba ke so ɗaya ne, muryar Umma. Shekara biyu ke nan da rasuwarta, kuma saƙonnin muryarta duk suna cikin tsohuwar wayarsa mai fasasshen gilashi, wadda sai an lallaɓa take kamawa.

"Komai za a rarraba shi a kan huɗun," na ce masa. "In ɗaya ya mutu, ukun za su haɗu su tuno abin da ke cikinsa."

"In biyu suka mutu fa?"

"Sai salati, Baba."

Sai ga dattijo ya naɗe hannun riga. Ya ce shi zai zura su cikin akwatin kwamfutar da hannunsa, tunda ajiyar matarsa ce. Na zagaya bayan akwatin na durƙusa da wayoyi, yana turo faifai yana shela, "Na ɗaya! Na biyu!" ni kuma ina jona kowanne a lambarsa. Da na danna makunni huɗun suka ɗauki gurnani tare, wallahi tsalle na yi. Muka kwashe muryoyin Umma kaf muka zuba. Kwana shida bayan nan tsohuwar wayar ta mutu murus, kamar dama jira take a karɓi amanar.

Wata Asabar da hantsi akwatin ya fara ƙara, ƙit, ƙit. Na duba allo, ya ce faifai na biyu ya mutu. Kada in yi ƙarya, daɗi na ji. Ranar nuna bajinta ta zo, ga sabon faifai ina ajiye da shi. Na kira Yaya ta bidiyo na jingine wayar da kofi.

"Ku buɗe ido ku sha kallo! Ko kashe kwamfutar ba zan yi ba. Zan zare matacce in sa sabo tana aiki."

"Allah ya sa ba cika baki ba ne, ƙanwata," in ji Yaya.

Akwatin tsoho ne, ba shi da fitilar da ke nuna wanda ya lalace, don haka na tsaya a gabansa na ƙirga. Ɗaya, biyu. Na ɗora babban yatsa a kan maɓallin, sai na ji an damƙe min wuyan hannu.

"Na biyu kika ce ko na uku?" Baba ya tambaya.

Raina ya ɓaci, ga Yaya yana kallo. "Haba Baba, don Allah ka bari. Wannan fa aikina ne."

"Aikinki ne, amma ni na jera su. Ta ina kika fara ƙirga?"

"Ta hagu mana, kamar kowa."

"Kamar kowa? Tun da kika tashi kin taɓa ganin na fara wani abu ta hagu?"

Sai a lokacin na tuna. Mutumin da ko littafin boko ta baya yake fara buɗewa! Ranar da muka haɗa ina bayan akwatin, damansa ita ce haguna, shi ya sa ban lura ba. Na ɗora yatsa a kan wanda na so zarewa, yana ta kaɗawa, lafiyarsa ƙalau. Na taɓa na kusa da shi ta dama, shiru, har ya huce. Da na ja wancan, biyu ke nan sun fita, kuma ba mu da muryar Umma a ko'ina sai a nan.

Na zare mataccen na tura sabon. Allo ya fara ƙirga, ɗaya cikin ɗari, biyu cikin ɗari. Baba ya jawo kujera ya kafa masa ido kamar mai kallon ƙwallo, duk goman da aka cika sai ya buga cinya ya ce, "Yauwa, ku tuno, ku tuno!" Abincin rana ma a nan ya ci shi.

Da la'asar lambar ta cika ɗari. Na yi ihu, na sake kiran Yaya ya taya ni. Baba ya ɗauko wayarsa ya danna saƙon da yatsansa ya faɗa a kai. Muryar Umma ta cika falon, da faɗanta da dariyarta a haɗe.

"Malam, kai ne ka sake jera min gwangwanaye ta dama ko? To gishiri na zuba maka a shayi, haka za ka sha. Ni dai ban san ranar da wannan hali naka zai yi amfani ba."

Baba ya cire tabarau ya goge ido da gefen riga. Ya kai wayar saitin bakinsa.

"Yau," ya ce mata.