Hoton da Inna Ba Ta Gane Ba

Lokacin da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, Zayyanu na cikin samarin Argungu da suka taho Birnin Kebbi neman aikin gwamnati. Ya samu gurbi a wata ma'aikata yana buga tafireta, ya yi aure, ya kama haya a unguwar Badariya. Shekaru suka tura, har ranar da aka kawo kwamfuta ofishinsu. Manya suka ɗare mata kamar an ajiye maciji a kan tebur, kowa na tsoron ya taɓa ta lalace a hannunsa. Zayyanu ne ya zauna ya koye ta, har sunansa ya koma Zayyanu Kwamfuta.

Abokinsa Munzali, mai shagon hotokofi a bakin kasuwa, shi ya sa masa wani furogiram na gyaran hoto. Ya nuna masa abu biyu zuwa uku, sauran ya laluba da kansa. Idan aka tashi daga aiki sai ya zauna, ya sa hoto a sikana, na'urar shigar da hoto cikin kwamfuta, fuska ta fito a allon kwamfuta, ya ja ta ta yi girma har ana ganin ramukan gashi. Ya ɗebo fata daga wuri mai kyau ya liƙa a kan ƙurji, ƙurji ya ɓace. Da hoton kansa ya fara, sannan na masinjan ofis, kafin wata ya zagayo kowa ya ji labari. Wannan ya ce a cire masa tabo, waccan ta ce a ƙara mata haske, wani babba ma ya kira shi gefe ya ce a rage masa furfura. Ba ya karɓar komai, yabon ya ishe shi. Duk wanda ya karɓi hotonsa sai ya washe baki ya ce hannun Zayyanu na da albarka. A haka idonsa ya saba, duk layin da ya gani a fuska abin gogewa ne.

Hoton mahaifiyarsa guda ɗaya ne a duniya. Ranar sunan 'yarsa wani mai hoto na yawo ya ɗauke ta, bayan mata sun yi ta lallashi, tana zaune a kan tabarma da kallabi shuɗi. Inna Bakaba ce ta asali, zanen Kabawa ya sauko mata daga gefen ido zuwa bakin leɓe a kumatu duka biyu, layi kusa da layi. Zayyanu ya yi niyyar ya ƙara girman hoton ne kawai ya rataye a falo. Da ya buɗe shi a kwamfuta sai ya fara da tamojin goshi. Ya share jan ido. Ya ɗan ƙara haske. Sannan hannunsa ya tsaya a kan zanen. Ya gaya wa kansa cewa gwaji zai yi, ya ga ko zai iya, don bai taɓa samun aiki mai wuya kamar wannan ba. Yammaci bayan yammaci yana bin layukan ɗaya bayan ɗaya, har kumatun suka yi sumul.

Ya kai wa Munzali don a buga a takarda mai sheƙi. Munzali ya daɗe yana kallon allo.

"Aikin ya yi tsabta," in ji shi. "Amma kumatun sun yi sulɓi da yawa, kamar tangaran. Mutum mai shekaru ba ya rasa layi ko ɗaya. Wa ta?"

"Inna ta."

Munzali ya waiwayo ya dube shi. Ya sha cin tuwon Inna a Argungu lokacin bikin kamun kifi, ya san fuskarta sarai.

"Inna dai da na sani? To ina zanenta?"

"Shi na aikin ai. Duba da kyau, ko alama ka gani?"

"Ban gani ba. Shi ya sa nika tambaya. Ita ta ce a cire?"

Zayyanu ya ji haushi. A ransa ya ce hassada ce, almajiri ya wuce malaminsa. Ya ce a buga masa kawai, Munzali ya ɗaga kafaɗa ya buga. Da Zayyanu ya kai hoton gida cikin firem mai ruwan zinari, matarsa Adawiyya ta riƙe hoton ta ce, "Ta yi kyau." Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta dubi yadda fuskarsa ke walƙiya ta haɗiye. Ya buga ƙusa ya rataye shi saman talabijin.

Bayan an yanke shinkafa Inna ta zo, kamar yadda ta saba, da buhun sabuwar shinkafa da busasshen kifi a kwando. Zayyanu ɗanta na fari ne, saboda haka ba ta kama sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye sai dole. In tana da saƙo, Adawiyya take ba wa, ko da yana tsaye a wurin. Ranar kuwa an yi sa'a ko rashin sa'a, gwaggon Adawiyya da wata maƙwabciya sun shigo gaishe ta, falo ya cika da hira. Zayyanu na tsaye a bakin ƙofa yana jiran idon Inna ya kai kan bango.

Idon ya kai. Ta ɗan ƙanƙance shi, ta ce wa Adawiyya, "Ɗiyata, wagga cikin danginku take? Kallabinta sak irin nawa."

Maƙwabciyar ta fashe da dariya. "Inna, ke ta hwa! Ɗanki ya gyara ki da kwamfuta."

Inna ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta taka har gaban hoton, ta kai fuskarta kusa da gilashin. Ta ɗora yatsa a kan kuncin matar da ke ciki, ta shafa, sannan ta kai yatsan nan kan nata kuncin.

"Ikon Allah," in ji ta a hankali. "Ashe haka nike in anka wanke ni."

Gwaggon Adawiyya ta so ta gyara zance, ta ce ai an mayar da Inna 'yar birni, yanzu sai a nemo mata miji a sakatariya. Aka yi dariya, Inna ma ta yi. Dariyar tata ce ta fi komai yi wa Zayyanu ciwo, don ya san irin ta, ita take yi idan baƙo ya yi ɓaranɓarama ba ta son ya ji kunya. Ya so ya ce wasa ne, ya so ya ce na asalin na nan a aljihun tebur, amma sai ya juya ya fita, ya tsaya a gindin dalbejiyar ƙofar gida har aka kira la'asar.

Inna ta zo da niyyar yin mako. Washegari da hantsi ta ɗaure ƙunshinta, ta ce wa Adawiyya ta bar shanya ba mai duba mata. Zayyanu ya kai ta tasha a kan babur. Har ta shiga motar Argungu ba ta ce masa komai ba, sai da ta zauna ta ce, tana kallon gabanta, "Allah shi yi albarka."

Da ya dawo ya tarar Adawiyya ta sauke hoton ta kifa shi a kan kujera.

"Don mi ba ki hana ni ba tun ranar?" ya ce da ita.

"Munzali bai hana ka ba? Kai da bakinka ka ce min baƙin ciki yake yi. Ni in na yi magana, sai a ce 'yar Birnin Kebbi na yi wa surukarta ba'a." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma dai ni ma na yi laifi, na ce ta yi kyau."

Ranar Litinin ya buɗe hoton asali a kwamfuta, ya ja shi ya cika allo. Sai a lokacin ya lura da abin da bai lura da shi ba duk kwanakin da ya yi yana gogewa. Tun da ya yi wayo bai taɓa tsayawa ya kalli fuskar mahaifiyarsa ba, kunya ba ta bari. Sau ɗaya da ya samu damar kallonta kusa haka, share ta ya zauna yi. Ya tambayi kansa ko gaskiya gwaji ne kawai. Ya tuna yadda a makarantar kwana yakan ji daɗi idan aka ce bai yi kama da Bakabe ba, ya tuna ranar da iyayen Adawiyya suka fara ganin Inna, yadda ya riƙa satar kallon fuskokinsu. Ya kashe kwamfutar, ya zauna riƙe da kai.

Munzali ya buga masa na asalin. Ranar Asabar Zayyanu ya naɗe shi a jarida ya hau mota zuwa Argungu.

Ya tarar da Inna a tsakar gida tana turara shinkafa, ƙanwarsa Ruƙayyatu na baza wadda aka sauke a kan tabarma. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana juya itace. Ya warware jaridar ya jingina hoton da turmi.

"Inna, na kawo na gaskiyar. Ki gahwarce ni."

Ta dubi hoton, ta ce wa Ruƙayyatu, "Wagga kam na san ta." Ta ci gaba da aikinta. Ruƙayyatu ta ga alamar akwai magana, ta ɗauki tulu za ta fita, Inna ta ce ta zauna. Da ita ta yi maganar, amma kowa ya san da wa ake.

"Uwata ta rasu ban yi wayo ba, ba ni da hotonta. Abin da anka gaya min kawai, wanzami ɗaya ya yi muna zane, hannu ɗaya. In na duba madubi sai in ce to, haka nata yake." Ta tura itace cikin murhu. "Da anka haihi yayanki, kakanku ya kira wanzami. Ni na hana. Na yi ta kuka har ubanku ya shiga tsakani, don na ji ana cewa yaran da ke da zane ana yi musu dariya a makarantar boko. Sai da anka daɗe dangi ba su yi min magana ba."

Zayyanu bai taɓa jin wannan labari ba. A zatonsa zamani ne kawai ya sa ba a yi masa ba.

Sai Inna ta ajiye muciya, ta juyo ta dube shi ido cikin ido, abin da bai tuna ranar da ta taɓa yi ba.

"Tun da na dawo nike tunani. Ni na so in tsare ka daga dariya. Ban san ina koya maka zane abin kunya na ba. In da laihi, mu biyu na."

"Wallahi Inna ba ki da laifi," ya ce. "Ni na..."

"Bari. Ba ka ji kunyata ba?"

Ya so ya rantse, ya kasa. Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan ƙasa tsakanin gwiwoyinsa. Inna ba ta matsa ba. Ta koma kan tukunyarta, ta ce wa Ruƙayyatu ta zubo masa fura, ya sha rana a hanya.

Da zai tafi ya ce zai yaga wancan hoton. Inna ta ce kada ya yaga, ba a yaga fuskar mutum ko ba a san shi ba, ya dai sa ta cikin akwati. Na asalin kuwa ta ce ya koma da shi, ita tana da madubi, jikokinta ne ba su da ita kusa. Ya dawo da shi Badariya ya rataye. Maƙwabciyar nan da ta shigo ta gani ta ce, "Au, an mai da Inna?" Zayyanu ya shige ɗaki.

A ofis bai daina gyaran hoto ba, amma hannunsa ya yi sanyi. Yakan cire ƙura da jan ido da karcen takarda, in ya zo kan fuska sai ya tambayi mai ita abin da yake so a taɓa. Wasu suka fara cewa aikinsa ya lalace, ba ya fito da mutum kamar da.

Wata ranar Alhamis direban ofishin, Malami, ya shigo yana murmushi, ya rufo ƙofa. Shi ma Bakabe ne, da zanensa raɗau. Ya ciro ƙaramin hotonsa na fasfo daga aljihu ya ajiye a gaban Zayyanu, ya ce akwai wata yarinya a Kaduna da ɗan'uwansa ya haɗa su, ta ce a aiko da hoto.

"An ce kai ka iya cire wanga zane tas. Taimaka min, in ta gan ni daga baya ma yi bayani."

Zayyanu ya dubi hoton, ya dubi Malami. Mutum ne babba da hankalinsa, fuskarsa ce, shi ya nema da bakinsa. Ya sa hoton a sikana, fuskar ta fito a allo, ya ja ta ta yi girma. Ya daɗe yana kallon zanen. Can ya ciro hoton ya miƙa masa.

"Yi haƙuri, Malami. Ba ni iyawa."

"Ba ka iyawa ko ba ka so? Na kowa ka yi, sai nawa don ni direba na?"

Malami ya fizge hotonsa ya fita, ya bar ƙofa a buɗe. Har aka tashi daga aiki ana jin muryarsa a gindin bishiya yana gaya wa masinjoji cewa kwamfuta ta sa wa yaron nan girman kai.